Differin Gel: maganin kurajen fuska da aka cire wa sharaɗin takardar likita

Tun watan Yulin 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a sayar da Differin Gel ba tare da takardar likita ba, ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Kamfanin Galderma ne ke yin sa, sinadarin da ke ciki kuwa adapalene ne mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. Mai ƙarfin 0.3 har yau sai likita ya rubuta.

Maganin yana aiki, amma sai mai haƙuri. Hana ƙofofin gashi toshewa yake yi, shi ya sa ba a ɗiga shi a kan ƙurji ɗaya-ɗaya. Da dare a wanke fuska da sabulu marar zafi, a bari ta bushe sarai, a matso daidai ƙwayar wake guda, a shafe fuskar duka, a kauce wa ido, leɓe da gefen hanci. Sau ɗaya a rana ya wadatar. Ƙari ba ya hanzarta komai, ƙuna kawai yake jawowa.

Inda mutane ke karaya shi ne makonnin farko. Fata kan bushe, ta yi raɗaɗi, ta riƙa saɓa, kurajen ma kan yi kamar sun ƙaru. Lokacin hunturu abin ya fi muni. Idan haka ta faru, a koma shafawa dare ɗaya a tsallake ɗaya, a ɗora man da ke riƙe danshi, a daina dirzar fuska da soso. Mai baƙar fata ya kula ƙwarai, domin ƙunar da aka matsa wa, tabo take bari. Da safe kuma man kariya daga rana wajibi ne. Cikakken sakamako yakan kai mako 12.

Masu adawa da sakin irin waɗannan magunguna suna da hujja, kuma kemis ɗinmu shaida ne. Man shafawa na Funbact-A na ɗauke da betamethasone, na Skineal kuma clobetasol, dukansu sinadaran steroid masu ƙarfi da ke kwantar da kumburin fata, amma ana sayensu a shafa wa jarirai, wasu ma su haɗa da man bilicin. Idan aka daɗe ana shafa su, fata tana sirancewa, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana, makero ya lafa sannan ya dawo da faɗi. Sai dai bai kamata a yi musu kuɗin goro da adapalene ba. Wanda ya wuce gona da iri da shi, raɗaɗin zai dakatar da shi, fatar kuma ta warware. Su kuwa waɗancan, daɗi suke fara yi kafin ɓarnar ta fito. A ganina sakin Differin daidai ne, clobetasol kuwa bai dace ya bar hannun likita ba.

Mai ciki ko mai neman ciki kada ta taɓa Differin. Kurajen da ke yin gudaji masu zafi a ƙarƙashin fata su ma sun fi ƙarfinsa, a kai su wurin likitan fata tun kafin su bar ramuka.