Camry, Accord ko Sonata: Wacce Ta Fi Dacewa da Magidanci?

In aka jera motocin nan uku a filin dillali, aka rufe tambarinsu, da wuya mai kallo ya ce ga wadda ta fi wata. Tsawonsu kusan ɗaya, kowacce na ɗaukar mutum biyar, kowacce injin da ta fi zuwa da shi mai silinda huɗu ne, kuma shan mansu a takarda kamar an haɗa baki. Wannan sharhi a kan Toyota Camry ƙirar 2018 zuwa 2024 ne, da Honda Accord ƙirar 2018 zuwa 2022, da Hyundai Sonata ƙirar 2020 zuwa 2023. Alƙaluman da zan kawo na ƙirar kasuwar Amurka ne, tunda daga can akasarinsu ke shigowa. Wadda aka yi wa kasuwar Dubai ko ta wata ƙasa tana iya zuwa da wani injin daban, saboda haka a buɗe bonet a duba kafin a ɗora lissafi.

Bambancin nasu yana cikin inji da giya, kuma a nan zan fi daɗewa.

Camry tana da inji mai lita 2.5, ba turbo, ƙarfin doki 203, da giya mai hawa takwas irin wadda makanikai suka saba da ita. Abin da ya fi burge ni a injin nan shi ne yadda yake shan fetur ta hanya biyu. Akwai nozul masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, akwai kuma wasu da ke fesawa a bayan bawul. Na biyun nan su ne ke wanke bawul, shi ya sa baƙin dauɗa ba ya taruwa a kai kamar yadda yake yi a injin da ke fesawa ciki kaɗai. Ga mu da fetur ɗin da ba kullum ake samun mai kyau ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa biyu. Da safe in an tayar da shi yana da ƙara kamar na dizal, har sai ya ɗau zafi. Giyar kuma, musamman a ƙirar 2018, takan yi ɗan jinkiri in an rage gudu an sake taka totur, sai ta shiga da 'yar fizga. Toyota ta fitar da gyaran manhajar kwamfutar giyar saboda wannan, don haka mai sayen ta 2018 ya tambaya ko an yi mata.

Accord ta bi wata hanya. Injin da ya fi yawa a cikinta ƙarami ne, lita 1.5, amma da turbo, yana ba da ƙarfin doki 192, an haɗa shi da giyar CVT, wato wadda ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin kasko biyu. A tuƙi ta fi sauran biyun daɗi, wannan babu ja. Tana tashi da wuri, sitiyarinta na jin hannu, kuma a kwana tana zama daram. Sai dai ƙaramin inji da ke jan babbar mota kullum cikin aiki yake, ba ya yafe sakaci. Baƙin man da yake ɗauka lita uku ne da 'yan kai, alhali Camry na ɗaukar wajen huɗu da rabi, Sonata kuma kusan shida. Mai kaɗan ya fi saurin gajiya. Sannan an san injin nan da saukar fetur cikin baƙin mai in ana yawan yi masa gajeriyar tafiya bai gama ɗaukar zafi ba. Matsalar ta fi ƙamari a ƙasashen sanyi, amma gwajinta ba ya cin ko kwabo: a zaro sandar awon baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. In man ya haura alamar sama, ya yi ruwa-ruwa, kuma hanci ya ji warin fetur, to ga ta nan. Akwai kuma ƙorafin ƙonewar gaskit a wasu da suka yi nisan tafiya. Alamarsa ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, injin kuma ya yi rawa na 'yan daƙiƙoƙi in an tayar da shi da safe.

Akwai Accord mai lita 2.0 turbo, ƙarfin doki 252, da giya mai hawa goma. Wannan ta masu son gudu ce, kuma Honda ta daina yin ta daga ƙirar 2023. Magidancin da aikinsa kai yara makaranta da zuwa ƙauye ranar Juma'a bai buƙace ta ba.

Sonata ita ce ake yi wa kallon hadarin kaji, kuma da dalili. Injin da ake kira Theta II, wanda ke cikin tsofaffin ƙirarta, ya ɓata mata suna. A 2015 Hyundai ta kira Sonata ƙirar 2011 da 2012 kusan 470,000 a Amurka a dawo da su domin gyara, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta yana hana mai isa ga metal, har inji ya buga. Daga baya kiran ya shafi wasu shekarun. Wannan tabon ne har yau yake karya mata farashi a kasuwarmu. Amma ta 2020 zuwa sama ba wannan injin ne a cikinta ba. Sabo ne, lita 2.5, ƙarfin doki 191, shi ma yana fesa mai ta hanya biyu kamar na Camry, da giya mai hawa takwas da ta fi ta Camry laushi a cikin gari. Wanda ya tsaya a kan wannan injin, ya bar mai lita 1.6 turbo, ya sami mota mai sauƙin sha'ani. Kia K5 da ita uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai dai K5 ta Amurka ƙirar 2021 zuwa 2024 ba ta zo da wannan injin mara turbo ba.

Batun baƙin mai ya isa a tsaya a kansa, domin nan ne ake kashe motocin nan uku. Littafin Camry 0W-16 ya ce, ya kuma yarda a sa 0W-20 in ba a samu ba, da sharaɗin a koma na farkon a juye na gaba. Accord da Sonata 0W-20 suke sha. Makaniken da ya saba da tsohuwar Peugeot zai ce zafin Arewa ya fi ƙarfin wannan man mai kama da ruwa, a zuba 20W-50. Kada a yarda. Hanyoyin mai na injinan nan ƙanana ne, kuma da matsin man suke sarrafa lokacin buɗewar bawul. Mai kauri ba ya isa sama da wuri da safe, a turbo kuwa shi ne ajalinsa. Tazarar juye ta mil 10,000 da ake gani a littafin Toyota ta masu titi mai tsafta ce. Littafin da kansa ya ce mai bin hanyar ƙura ya yi juye duk mil 5,000, wato kilomita 8,000, ko wata shida. Mu duk a wannan sahun muke. Ga Accord mai turbo, ni kilomita 5,000 nake ba da shawara.

Man giya ma haka. CVT ta Honda HCF-2 take sha, ba wani ba, ta Camry kuma WS. Jan man giya na gama-gari da ake aunawa a galan zai sa bel ɗin CVT ya fara sulɓi, kuma in ta lalace ba kasafai ake gyara ta ba, sai dai a nemo wata a ɗora. Haka nan al'adar cire tamostat da haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, da zuba ruwan rijiya a lagireto. Tsohuwar mota ta jure, waɗannan ba za su jure ba.

A ciki, Accord ce sarauniya. Wurin miƙe ƙafa a kujerar baya ya haura santimita 102, na Camry 96 da rabi, na Sonata wajen 88, duk da cewa ita Sonata ta fi ba na gaba wuri, in ya ɗan matsa gaba sai tazarar ta ragu. Ka sa dogon mutum sanye da babbar riga da hula a baya, a Accord gwiwarsa ba za ta taɓa kujerar gaba ba, amma sai ya sunkuya sosai wajen shiga, don kujerunta a ƙasa suke kuma rufin ya zubo ta baya. Tsoho mai ciwon gwiwa zai fi jin daɗin shiga da fita a Camry. But ɗin Accord lita 473 ne, na Sonata 453, na Camry 428. Sonata ta fi su kayan ƙawa a kuɗi ɗaya, allo da fitilu da sauransu, amma giyarta maɓalli ne ake dannawa, kuma sai an yi kwanaki hannu bai daina laluben sanda ba. Mai son haɗa waya da allo ya lura: Camry ba ta sami Apple CarPlay ba sai ƙirar 2019, Android Auto kuma sai 2020.

Yanzu ga abin da masu saye suka fi yin kuskure a kai, wato taya. Kowa idonsa na kan Camry XSE ko Accord Sport saboda manyan rim masu inci 19. Tayar da ke kansu 235/40 ce, kaurin gefenta milimita 94 ke nan. Ta Camry LE mai inci 17, wato 215/55, gefenta milimita 118 ne. Wannan tazarar ta kusan santimita biyu da rabi ita ce tsakanin ka faɗa rami ka wuce, da ka faɗa rami taya ta yi ƙulu ko rim ya lanƙwashe. Taya mai inci 19 ta fi tsada, ta fi wuyar samu in ta fashe maka a hanya, kuma kowane tsagin kwalta sai ka ji shi a bayanka. Dukkan motocin uku a ƙasa suke, tsakanin santimita 13 da 15 daga ƙasa. In an cika mutum biyar da kaya a but, tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke ginawa da kansu sai an hau shi a karkace, in ba haka ba a ji ƙarar da ba a so. Wanda hanyar gidansu ke da kwazazzabo da damina, gaskiya ba sahun motarsa ba ne wannan.

Shan mai bai isa ya raba gardama ba. A ma'aunin hukumar Amurka, Camry da Sonata na yin wajen kilomita 13 da rabi a lita, Accord 14. Cikin cunkoso da AC a kunne duk za su sauko ƙasa da haka. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wadda ta cancanci a yi mata kallo na biyu ita ce Camry mai haɗin fetur da batir, wadda ƙirar LE ɗinta ke kai kilomita 22 a lita a wannan ma'aunin, kuma a cikin gari ne take nuna kanta. Daga ƙirar 2025 ma, a Amurka irinta kaɗai Toyota ke sayarwa. Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, fanka ke sanyaya shi, kuma a bakin inda take jan iska akwai 'yar matata. Ƙurar hunturu da gashin dadduma suna toshe ta, batir ya riƙa zafi, ƙarfinsa ya ragu. A riƙa cire ta ana kaɗewa, kada kuma a jingina jaka ko filo a bakin wurin. Accord mai irin wannan haɗin tana da kyau ita ma, sai dai ba ta zuwa da safaya taya, 'yar kwalbar faci da famfo kawai ake ba ka.

Kafin a biya kuɗi, a ɗauki lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba, a bincika tarihin motar: hatsari, ambaliya, da kiran gyara. Camry da Accord na 2018 da 2019 duk sun shiga kiran canjin famfon fetur, wanda kan sa mota ta mutu tana cikin tafiya. A Accord a gwada AC da tsakar rana, don an san kwandensarta da yoyo, a kuma karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet a ga irin gas ɗin da take sha. Da yawa R-1234yf ne, ya fi R-134a tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a gauraya su. A ɗaga dadduma a shinshina, a leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa. Garantin shekara goma da Hyundai ke tallatawa a Amurka na mai sayen farko ne a can, ba ya hawa jirgin ruwa ya biyo mota. Mai son garanti sai ya saya daga wakilin kamfani na cikin gida, ya kuma tambayi inda garejinsu mafi kusa yake kafin ya sa hannu.

Kayan gyaran Camry, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, ba a shan wahalar nemansu. Na Honda ma akwai, tunda Arewa ta daɗe da son Accord tun zamanin tsohuwar ƙirarta da ake wa laƙabi da End of Discussion, amma na injin turbo da CVT sun fi tsada, masu iya taɓa su kuma ba su kai na tsofaffin ba yawa. Na sabuwar Sonata, musamman fitila da bamba da na'urorin lantarki, sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas an jira.

In ni za a tambaya, Camry LE mai lita 2.5 da rim inci 17 zan nuna wa yawancin magidanta. Ba ita ta fi daɗin tuƙi ba, ba ita ta fi faɗi ba, kuma a shekara ɗaya da lafiya ɗaya yawanci ita ta fi tsada, amma ta fi jure kuskuren makanike, ranar sayarwa kuma ba ta kwana a hannu. Accord ta wanda ke zaune a babban birni ce, yana da gareji mai na'urar bincike, ba ya wasa da ranar juye. Sonata mai lita 2.5 kuwa ta mai niyyar riƙe mota shekara bakwai ko takwas ce, wanda zai ci ribar sauƙin kuɗinta yau, ya kuma san cewa dillalin da ya yaba mata ranar saye shi ne zai taya ta da arha ranar da ya zo sayarwa.