Irin Barkono Mai Jure Bairos: Wanne Za Ka Saya?

Kafin ka kalli hoton jajayen 'ya'yan da ke gaban fakiti, juya bayansa ka duba haruffa. HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR kuma matsakaiciya. Abin da ke biye da su shi ne sunan cutar da irin ya gaji kariya daga gare ta.

Ni dai nawa shi ne wanda aka rubuta wa Tm:0-3 haɗe da PVY, wani bairos na dankali da ke kama barkono. Tm:0-3 alama ce ta ƙwayar gado L4, wadda aka samo daga barkonon daji Capsicum chacoense, kuma tana tare nau'o'i huɗu na dangin cutar mozayik ɗin taba, mai sa ganye dabbare-dabbare, har da PMMoV, ta barkono. Wannan cuta ba ta jiran ƙwaro. A jikin iri take zuwa, ta bi hannu da wuƙa da tufafi, ta daɗe a busasshen ganye. Shi kuwa PVY darɓa ce ke yaɗa shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, tun kafin feshi ya kashe ta, don haka kariyar da ke cikin jinin shuka ta fi kowane magani. Tm:0-2, wato L3, ba laifi, amma akwai nau'in da ke tsallake shi.

Irin da ke da kariyar TSWV kaɗai kuwa, wato bairos mai sa tumatir da barkono tabo da yaushi, na sha wuyarsa. Ƙwayar gadonsa, Tsw, tana aiki ne ta kashe wurin da cuta ta shiga don kada ta bazu. Idan zafi ya zarce digiri 30 dare da rana na kwanaki, musamman kan ƙananan dashe, sai dabarar ta sukurkuce. Nawa na dasa su cikin tsananin zafi, kan kowane tsiro ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Sai batun 'yan damfara. Akwai masu tsintar iri daga 'ya'yan irin F1, wato irin da aka samu daga haɗa nau'i biyu, su rina shi da launi, su zuba a fakitin da ya yi kama da na asali. Irin da aka ajiye daga F1 gadonsa rarrabuwa yake yi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iya fitowa ba kariyar. Duba lambar rukuni, ranar da aka shirya shi, da bakin fakiti: in ka ga alamar an liƙe shi da wuta sau biyu, ajiye. Wanda ya ce maka irinsa na maganin kowace cuta, tambaye shi ina haruffan.