Donepezil, maganin ciwon mantuwa: yana taimako, amma a riƙa duba bugun zuciya

Idan dattijo ya fara ɓata hanya tsakanin gida da masallaci, ko ya maimaita tambaya ɗaya har a gaji da amsa masa, kuma likita ya tabbatar Alzheimer ce, donepezil ne maganin da aka fi rubutawa a ordonansi. Kamfanin Eisai na Japan ya ƙirƙiro shi, aka amince da shi a Amurka a 1996 da sunan Aricept.

Aikinsa danne wani enzayim ne mai rusa asetilkolin, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. In aka danne enzayim ɗin, saƙon ya fi isa. Amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na ci gaba da mutuwa, don haka sauƙi ake samu na wani lokaci, ba waraka ba. Wani ya dawo yana bin hira, yana sa rigarsa da kansa. Wani kuwa ba a ganin komai a jikinsa.

Ana farawa da miligiram 5, ƙwaya ɗaya da dare. Sai bayan mako 4 zuwa 6 likita zai iya ƙarawa zuwa 10. Gaggawar ƙarawa ce ke jawo amai, gudawa da ƙin abinci, kuma a zafin Damagaram na Afirilu da Mayu, gudawar kwana biyu ta isa ta kwantar da tsoho. In mugun mafarki ya hana barci, a nemi likita ya mayar da shan safe. Kada a bar kwalin a mota ko ɗakin kwano. Ƙasa da digiri 30 yake so.

Abin da ya fi damunmu shi ne zuciya. Maganin na rage bugunta, tsohon ya yi jiri ya faɗi, a ce tsufa ne. A ƙirga bugun a wuyan hannu na minti ɗaya cur, kafin farawa da bayan ƙari. In ya sauka ƙasa da 50, ko aka yi suma, a dakata a kai shi asibiti. Mai shan atenolol ko propranolol na hawan jini ya fi shiga haɗari. Artane, maganin rawar jiki, yana warware aikinsa, Gardénal na farfaɗiya da rifampicin na tarin fuka suna rage ƙarfinsa, diclofenac da ibuprofen kuwa suna ƙara haɗarin gyambon ciki. A kai wa likita duk abin da Baba ko Inna ke sha, har na gargajiya.

A nemi sabon kwali a farmasi tun na hannu bai ƙare ba, ko da sai an yi odarsa daga Yamai. In aka yi mako guda ba a sha ba, daga miligiram 5 ake sake farawa.

Ban da donepezil, an gwada wasu magunguna masu danne wani enzayim mai suna BACE1, waɗanda aka so su hana taruwar amiloyid, wani furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer: kamfanin Merck ya tsayar da babban gwajin verubecestat a 2017 don bai amfana ba, atabecestat kuma an janye shi a 2018 saboda illa ga hanta. Ba a amince da ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya tallata muku irinsu a WhatsApp, kada ku ba shi ko dala.