Nauyin dodo: abin da ke gamsarwa da abin da ke ɓata rai a fina-finan manyan dodanni

Abu guda ke zaunar da mai son fim ɗin ƙaton dodo a gaban allo: ya ga halittar da ta fi ƙarfin gari, zuciyarsa kuma ta yarda cewa nauyinta na gaske ne. In ta sauke ƙafa, ƙasa ta amsa. Fim ɗin da ya iya wannan ina yafe masa raunin labari. Wanda ya kasa kuwa, ko nawa aka zuba masa, ba ya shiga raina.

Japanawa, waɗanda ke kiran irin waɗannan halittu kaiju, sun gano bakin zaren tun 1954, shekarar da kamfanin Toho ya fitar da Godzilla na farko. Ishiro Honda ne ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya ya riƙe dabarun hoto. Dodon mutum ne, Haruo Nakajima, cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gine-ginen da aka ƙera ɗaya bisa 25 na girmansu na ainihi. A baki abin kamar wasa, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa.

Dutsen da ya faɗo daga tsayin mita 50 yana ɗaukar daƙiƙa 3 da 'yar ɗoriya kafin ya taɓa ƙasa. Wanda ya faɗo daga mita 2 ko daƙiƙa ɗaya ba ya cikawa. Idon ɗan adam ya san wannan ko ba a koya masa ba, shi ya sa ƙaramin gini in ya rushe da saurinsa nan take ake gane kwali ne. Maganin shi ne a ƙara wa kamara gudu. Ana neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25, wato 5, sai a ninka hotuna 24 da fim ke ɗauka a daƙiƙa sau biyar, a sami 120. In aka haska su a gudun da aka saba, bulo zai riƙa saukowa a hankali, ƙura ta tashi tana murɗawa kamar hadari. Kuɗin wannan dabara haske ne, domin kamara mai gudu tana cin fitila sosai, kuma zafin fitilun a kan mutumin da ke cikin roba yake ƙarewa. Sannan a ajiye kamara ƙasa-ƙasa, daidai idon mai gudun ceton rai, a sa turken lantarki ko rufin gida a gaba don ido ya sami abin awo.

Ruwa da wuta ne ba sa yarda a ƙanƙantar da su. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a teku ko a kwano, don haka a tsofaffin fina-finan da zarar dodo ya fito daga ruwa za ka ga ɗigo kamar girman mota yana gangarowa daga wuyansa. Wannan aibi ne na gaske, sai dai bai taɓa rage mini daɗin kallo ba, domin abin da ake rusawa a gaban kamara da gaske yake rushewa.

Kukan dodon ma aikin hannu ne. Akira Ifukube, mai kiɗan fim ɗin, ya sa aka goga safar hannu ta fata mai ƙaro a kan igiyoyin babban gogen nan na Turawa mai tsayin mutum, aka rage saurin sautin. Tsoron da ke bayan kukan kuwa ba ƙirƙira ba ce. A watan Maris na 1954 tokar gwajin bam ɗin nukiliya da Amurka ta yi a tsibiran Bikini na tekun Pasifik ta zuba kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu bayan wata shida. Mai son ganin fim ɗin ya nemi na asali mai minti 96. Wanda aka sake yankawa a Amurka a 1956 minti 80 ne, kuma yawancin zancen nukiliyar an zubar da shi.

Ɓacin raina ya fi yawa a kan na zamanin kwamfuta. Na farko duhu. A fim ɗin Godzilla na 2019 na Amurka kusan kowane faɗa cikin dare ake yinsa, ko guguwa, ko dusar ƙanƙara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ruwan sama da hayaƙi suna rufe inda zanen kwamfuta ya haɗu da hoton gaske, suna kuma rage aikin zana abin da ke baya. Amma mai kallo dodo ya zo gani, sai ya tashi da walƙiya da inuwa. Na 2014 ya fi shi sanin girma, sai dai ya cika ja wa mutum rai. Daidai lokacin da dodanni biyu suka fuskanci juna a filin jirgin saman Honolulu aka yanke, aka mayar da faɗan cikin talabijin ɗin wani falo. Sau ɗaya dabara ce, in ta maimaitu ta zama rowa.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne rasa nauyi. Halitta in tsayinta ya ninka biyu, nauyinta sau takwas yake ninkawa, ƙarfin ƙashinta kuwa sau huɗu kawai. Ba wanda ke neman fim ya bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, ai da dodon bai ma iya tsayuwa ba. Amma sai tafiyarsa ta nuna yana fama da jikinsa. A fim ɗin Godzilla da ƙaton biri Kong na 2024 dodon da ya haura mita 100 yana sheƙa gudu yana tsalle kamar ɗan tsere, kuma an kai babban ɓangaren labarin ƙarƙashin ƙasa, inda babu gida, babu mota. Da abin awo ya ɓace, ƙaton biri ya koma biri kawai.

Fim ɗin Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki na 2023 ya nuna cewa laifin ba na kwamfuta ba ne. Mutum 35 suka yi masa hotunan dabaru 610, ya kuma ci kyautar Oscar ta wannan fanni a Maris na 2024. Dodon mita 50 ne kacal, yana taka unguwar Ginza ta Tokyo da rana tsaka, ba hazo ba ruwa. Akwai wurin da yake bin wani ƙaramin jirgin katako mai kwashe nakiyoyi a teku, kansa kaɗai a saman ruwa, idonsa a kan mutanen, ruwan da yake turowa yana ɗaga jirgin. An kuma ɗauki lokaci an sa ka san mutanen, shi ya sa in dodon ya ɗaga taragon jirgin ƙasa sama hankalinka na kan wadda ke ciki. Ƙarshensa ne ya yi mini taushi da yawa, an tausaya wa mai kallo fiye da yadda labarin ya nema.

Kada a kalle shi da lasifikar waya. Ba ta iya fitar da amon ƙasa, kuma rabin nauyin takun dodon a cikin wannan amon yake. A nemi amsa-kuwwa mai ƙarfi ko abin sa wa kunne mai kyau, a kashe fitilar ɗaki.