Lesin JAMB: wata uku ina biya, ga abin da na gani

Allon tallar wasu masu lesin JAMB ne ya ja ni. Kullum in zan tafi shago a Kwari sai na wuce shi: hotunan yara shida, kowanne da makinsa a ƙasa, 301, 312, har da mai 328. Bara 'yar farina 171 ta samu cikin 400 a JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, kuma harhaɗa magunguna take son karanta, sai na ce bari in gwada su. Ba zan kama sunan wurin ba, irinsa sun cika Kano.

Naira dubu ashirin nake biya a wata, ban da kuɗin adaidaita.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne kwamfuta. Yarinyar makarantar gwamnati ta yi, kuma tun 2015 JAMB ta ajiye takarda da fensir. Ranar jarrabawar bara ce ta fara zama gaban kwamfuta da gaske. Ta ce min, "Abba, wallahi na san amsoshin, hannuna ne yake rawa." Tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowanne daga sauran darussa uku, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. A wurin nan duk Asabar ana yi musu gwaji da agogo, an koya musu danna A, B, C, D, a danna N a wuce gaba, P a koma baya. Cikin wata guda tsoron ya fita. Malamin kemistiri kuma Allah ya saka masa. Ba ya barin allo sai na bayan aji ya gane. Na Turanci kuwa makararre ne, in ya zo tsofaffin tambayoyi yake karantowa da amsarsu, babu bayanin dalili. Janareta ya mutu sau biyu ana tsakiyar gwaji.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. A makon farko suna yin gwaji, waɗanda suka yi zarra a ware su a wani aji da safe, kowa da kwamfutarsa, wasu ma a yafe musu kuɗi. Sauran, su kusan sittin, suna layi a kan kwamfuta ashirin da biyar da rana tsaka. Na je na sami mai wurin.

Ya ce, "Alhaji, ai cancanta ce. Wanda ya yi ƙoƙari shi ake turawa gaba."

Na ce, "Malam, a kwana bakwai wane ƙoƙari ka gani? Abin da suka zo da shi daga gida ka auna."

Dariya ya yi, bai musa ba. Yawancin 'yan ajin safen daga makarantun kuɗi suka fito, tun firamare suke taɓa kwamfuta. Ba na hassada da su, yara ne masu ƙwazo kuma sun yi karatu. Amma hotunansu ne za su hau allon badi, uba irina ya gani ya ɗauka a nan aka ƙera su. Gonar wani ce aka girbe, kuɗin 'yan ajin rana kuma shi yake sayen man janareta.

Zan yi wa mai wurin adalci a abu ɗaya: bai taɓa cewa yana da uwa a gindin murhu a wata jami'a ba. Shi ya zaunar da mu iyaye ya bayyana cewa tun 2017 ta manhajar JAMB da ake kira CAPS ake ba da gurbin karatu, kuma a jami'o'in tarayya kashi 45 na masu maki mafi yawa ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, har da Kano a ciki. Wani abokin cinikina daga Anaca yakan yi min ƙorafi a kan kashi ashirin ɗin nan, cewa ɗansa ya fi maki amma an ɗauki wani. Ina jin zafinsa. Sai dai tun da na ga ajin safe da ajin rana a gini ɗaya, in an ce min yaro ya ci 300 nakan so in ji daga inda ya taso.

Bana yarinyar ta samu 226. Ƙarin maki 55 ba wasa ba ne, kodayake da wuya ya kai ta harhaɗa magunguna. Muna jiran tantancewar jami'a, ita kuma ta fara maganar kemistiri zalla.

In ɗanka bai saba da kwamfuta ba, kai shi, zai amfana. Kafin ka biya, ƙirga kwamfutocin da idonka, ka tambayi ajin da za a sa shi, ka ce a nuna maka sakamakon kowa na bara. Ni da na nema, cewa aka yi takardar tana wurin sakatare, sakatare kuma ya fita.

Ƙaninta yana aji ɗaya na babbar sakandare. Makon jiya na je titin Beirut na sayo masa kwamfutar hannu ta gwanjo.