Sharhi kan wuraren wasan tsibirin Yas: a auna tsayin yara tun daga gida

Wanda ke shirin kai iyalinsa wuraren wasan da ke tsibirin Yas a Abu Dabi, kafin ya nuna wa yara bidiyo ko ɗaya a waya, ya samo awon tela ya jera su jikin bango ya auna kowa. Mu haka muka yi, bisa shawarar wata ƙawata da ta riga mu zuwa, kuma awon nan ya fi duk sauran shirinmu amfani. A can ba a tambayar shekarun yaro, tsayinsa ake dubawa. Kowane lilo da ma'auninsa a bakin ƙofa, kuma manyan da ake yayatawa sai mai tsayin wajen santimita 130 zuwa 140. Babu roƙo, babu "ai saura ƙiris". Ni kuwa ina bayan ma'aikatan ɗari bisa ɗari, don abin da ke danne mutum a kujera an ƙera shi ne daidai wani girman jiki.

Wurare biyu muka shiga, Ferrari World da Warner Bros. World, ni da Abban yara da 'ya'yanmu uku: babban ya shiga sakandare, ta tsakiya tana firamare, auta kuma bai daɗe da fara zuwa makaranta ba. A Dubai muka sauka, daga can zuwa Yas tafiyar kamar awa guda ce a mota, zuwa da dawowa kuma sai a lissafa su cikin gajiyar ranar.

Ferrari World, wanda aka buɗe a 2010, na matasa ne da manya masu ƙarfin zuciya. Abin da ke kai mutane can shi ne Formula Rossa, lilon da ke gudu kan dogo, wanda ke kaiwa kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Tabarau ake ba kowa ya ɗaura, saboda dogon ya fita daga cikin ginin zuwa waje ne, kuma a irin wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙwaro kan iya yi wa ido illa. Abbansu da babban suka hau. Suka fito ƙafa na rawa, yaron yana dariya yana cewa, "Umma, wallahi ban ma samu damar yin ihu ba." Duka hawan bai cika minti biyu ba, jiran layi kuwa ya ninka hakan sau da yawa. Wannan lissafin ya kamata a zaunar da yara a yi musu shi dalla-dalla: yawancin yinin tsayuwa ce da tafiyar ƙasa, daɗin kuma a gutsure yake zuwa.

Da muka je gaban ma'aunin, auta ya miƙe ya ɗaga dugadugai ya ce, "Umma, na kai?" Na ce, "Auta, ka tuna zanen da muka yi a bango? Wannan na Yaya ne, naka yana gaba." Ya ɓata rai na ɗan lokaci, ya haƙura, don ba ranar ya fara jin maganar ba. A gefenmu akwai wani yaro da ke birgima a ƙasa yana kuka, uwarsa ta rasa yadda za ta yi. Tausayinsu ya kama ni, domin da gani an yi masa alkawarin abin da ba zai samu ba. Akwai ɓangaren ƙanana a wurin, da 'yan motocin da suke tuƙawa da kansu, kuma auta ya more su sosai. Duk da haka, iyalin da duk yaransu ƙanana ne ba za su ci rabin kuɗin tikitinsu a nan ba.

Warner Bros. World ne ya dace da mu. An buɗe shi a 2018, kuma gaba ɗayansa a rufe yake cikin sanyin na'ura, abin da ba ƙaramar rahama ba ce a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. An kasa shi shida. Rufin dandalin shiga an yi shi tamkar sararin sama, har ta tsakiyar ta tsaya tana tambaya ko waje muka fito. A ɓangaren 'yan katun muka fi daɗewa, inda yara suka ga Tom da Jerry da suka saba gani a talabijin suna yawo suna ɗaukar hoto da mutane. Sai dai a lura, ƙaramin yaro kan firgita idan abin da ya sani ɗan mitsitsi a allo ya tsaya a gabansa ya fi babansa tsawo. Auta bayan zanina ya ɓuya, sai daga nesa ya yarda ya ɗaga masa hannu, mu kuma ba mu matsa masa ba. Haka ɓangaren Gotham City, da gangan aka yi shi da duhu da ƙara. Babban ya ce nan ya fi burge shi, ƙananan kuwa hannuna suka riƙe har muka wuce. Akwai kuma kwalekwalen da ke ɓangaren Bedrock, wanda ke ɗan fantsa wa mutum ruwa, don haka mai mayafi mara nauyi ta san da wannan.

Sallah ba ta ba mu wahala ba. Akwai ɗakunan sallah na maza da na mata da wurin alwala, a tsaftace. Abinci ma babu fargabar halacci. Tsada ce dai sai an shirya mata, kamar kowane wurin wasa irin wannan: ana biya da dirhami, zuciya kuma tana juyawa zuwa naira. Mun ci abinci mai nauyi kafin mu fito, a ciki muka yi ci ɗaya. Da yawa daga wasannin kuma ta cikin shagon kayan wasa ake fitowa, ga hoton da aka ɗauke ku kuna kan lilo ana nuna muku na sayarwa. Tun a masauki Abbansu ya yanke hukunci: kowa abu ɗaya, kuma sai za a tafi. Ta tsakiyar ta yini tana sauya ra'ayi, amma ba a yi rigima ba.

Game da layi, akwai tikiti na musamman da ake ƙara kuɗi a tsallake jira. Ba mu saya ba, domin a ranar aiki muka je kuma muka isa da wuri. Tun 2022 hutun ƙarshen mako a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin yini, saboda haka daga Litinin zuwa Alhamis an fi samun sarari, in ba lokacin hutun makarantunsu ba ne. Wanda dole sai ranar cunkoso zai je, ina ganin ƙarin kuɗin ya cancanta. A kuma leƙa shafinsu kafin a fito, don akan rufe wani lilon saboda gyara, na waje kuma iska mai ƙarfi na iya tsayar da shi.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne haɗa wurare biyu a yini guda don kawai tikitin haɗaka ya fi sauƙi. Mu haka muka yi, sai ga shi bayan la'asar auta ya yi barci a kafaɗar babansa, ta tsakiyar ta fara ɗingishi saboda sabon takalmi, akwai wasannin da ko ƙofarsu ba mu gani ba. Muka tattara muka tafi ba tare da jin an yi asara ba, domin kowane yaro ya zaɓi abubuwa biyu da ya fi so tun da safe, kuma su muka fara yi. Mai yara 'yan ƙasa da shekara goma ya nufi Warner Bros. World kai tsaye, Ferrari World kuma ya jira sai zanen bango ya haura santimita 140.