Rubuta magana kai tsaye ko cike gurabe: wanne ya fi wajen saka alƙawari a kalanda?

Wata Hajiya ta tambaye ni jiya da daddare. Ta ce sana'arta kwalliyar wuraren biki, tana ajiye ranakun aiki a Google Calendar, sai ƙaninta ya nuna mata wata 'yar manhaja da ake maƙala wa Chrome: mutum ya rubuta jimla ɗaya kamar yana tura saƙo, ita kuma ta mayar da ita alƙawari. Ta koma can, ko ta ci gaba da cike gurabe?

Hajiya, na yi amfani da duka biyun. A wajen sauri, rubutun ya yi wa cike gurabe fintinkau. Ki rubuta cewa za ki karɓo yadi a Kantin Kwari ranar Talata ƙarfe 10 na safe, manhajar ta tsinto ranar, ta tsinto lokacin, abin da ya rage ya zama sunan alƙawarin. A ɗaya hanyar sai kin buɗe kalanda, kin zaɓi rana, kin zaɓi awa, sannan ki adana.

Sai dai "maganar yau da kullum" da ake tallata cewa irin waɗannan manhajoji suna ganewa, ta Bature ce. Waɗanda na gwada Turanci suke ji, kuma da agogo suke lissafi. Mu kuwa a Kano yaya ake saka lokaci? Uwar amarya za ta ce miki kamu jibi bayan la'asar, walima gata, a zo a kwashe kaya bayan an sauko daga masallaci. Na rubuta "jibi" na gani, manhajar ta ɗauka sunan taron ne, ta ajiye shi a yau. La'asar kuma ba awa ce tsayayya ba, tana matsawa da lokacin shekara. Ke nan sai kin fara juya maganar a kanki zuwa Turanci da ƙarfe kaza kafin ki rubuta, rabin saurin ya tafi a nan. A gurabe babu wannan, ga wata a gabanki, ki taɓa ranar da idonki ya gani.

Inda ya fi ba ni tsoro shi ne kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa wata suke farawa da shi. In kin rubuta 5/6 kina nufin 5 ga Yuni, manhajar da aka gina a kan tsarinsu za ta kai ki 6 ga Mayu. Ni ganin likitan haƙori na rasa ta haka, abin da sauƙi. Ke da ɗaurin aure ne a hannunki fa? Ki riƙa rubuta sunan watan a cike, ki kuma duba cewa lokacin kalandar na Afirka ta Yamma ne.

Akwai batun waya. Chrome na Android ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji, a kwamfuta suke aiki. In ana kiranki kina cikin adaidaita a titin gidan Zoo, gurabe za ki koma ko kin ƙi ko kin so. Sannan manhajar ba za ta iya saka komai ba sai kin ba ta izinin shiga kalandarki, inda sunayen mutane da adireshin gidajensu suke. Ki karanta abin da take nema kafin ki amince. Wadda ta ce sai ta karanta duk shafin da kika buɗe, ni dai ba na yarda da ita.

Da ni ce ke, zan bar wa rubutu ƙananan zirga-zirga: zuwa Kwari, ganin tela, biyan masu haya kujeru. Ranakun biki kuwa, na mutanen da suka ba da kuɗin kafin alƙalami, in cike su da hannu, in sake karantawa kafin in adana. In buɗe shafin ne yake gajiyar da ke, rubuta cal.new a saman burauza, zai kai ki gurbin sabon alƙawari kai tsaye ba tare da kin maƙala komai ba.